JITA MAI TSIRKIYA HUƊU: TARIHIN BES DA ABIN DA YA RAGE A SITON MAKARANTARMU

 Dalilin wannan rubutu shi ne abin da ya faru a babban taronmu na shekara da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna cewa kwamitin ayyuka ya kawo shawarar a gyara tsohon ɗakin kiɗa, a sayi fiyano guda ɗaya irin na zamani a ajiye a ciki, sa'an nan a yi gwanjon tarkacen da ke cikin sito domin a sami wurin ajiye kujeru. Na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Ina cikin bayani sai lokacin salla ya yi, Shugaba ya ce, "Malam, je ka rubuto mana, ma karanta a natse." To, ga shi na rubuto.

Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, abin da na karanta a jami'a ma bai shafi kiɗa ba ko kaɗan. Amma tun ina aji huɗu nake kaɗa jitar bes a ƙananan ƙungiyoyi na 'yan sha'awa, irin waɗanda ladarsu ba ta wuce lemo da kuɗin mota, kuma a cikin wancan sito da ake son sharewa na fara ganinta.

Yadda Na Fara

Wata Asabar ce aka ba mu horo, ni da wasu yara uku, saboda mun makara zuwa karatun dare. Horon shi ne mu share sito. Baba mai sito, Allah Ya jiƙansa, ya buɗe mana ƙofa ya koma gefe ya zauna da goronsa. Can bayan karyayyun tebura muka tarar da gangunan Turawa waɗanda fatarsu ta yage, da begila biyu na badujala, da jita biyu, da wani dogon baƙin akwati. Da na buɗe akwatin sai na ga wata jita mai nauyi, mai dogon wuya, tsirkiyarta uku masu kauri kamar wayar burkin keke, ta huɗun ta tsinke. Na ce, "Baba, wannan wace irin jita ce?" Ya ce, "Yaro, wannan ita ce uwar kiɗa. Lokacin yayyenku, idan aka kaɗa ta a babban zaure har tagogi rawa suke yi."

A wannan shekara muna da wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu da ke koya mana Fiziks, wanda kowa ke kira Kofa. Ashe a cocinsu shi ne mai bes. Shi ya nemi izinin Firinsifal, ya kwance tsohuwar amfilifaya ya gyara ta a ɗakin gwaje-gwaje, ya tara mu mutum shida. Kowa ya ruga ya kama jita ko ganga. Ni da na zo a ƙarshe aka miƙo mini bes, na karɓa ina jin haushi. Daga baya na gane cewa yawancin masu bes a duniya haka suka fara.

Asalin Wannan Jita

Kafin a sami bes mai aiki da lantarki, abin da makaɗan Turai da Amurka ke amfani da shi shi ne wani ƙaton goge na katako da ake tsayar da shi a ƙasa, tsawonsa kamar ƙafa shida, mai kaɗa shi yana tsaye a bayansa. Yana da wuyar ɗauka, sa'an nan idan masu bushe-bushe da masu ganga suka ɗau zafi ba a jin muryarsa. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc, mutumin birnin Seattle, ya ƙera bes ta lantarki mai siffar jita tun a shekarun 1930, amma ba ta sami kasuwa ba.

Wanda ya ci nasara shi ne Leo Fender na garin Fullerton a Jihar Kalifoniya, wani mai gyaran rediyo wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A shekarar 1951 kamfaninsa ya fito da Fender Precision Bass. Ma'anar sunan ita ce daidaito, domin ya jera mata ƙananan ƙarafa a wuya kamar na jita, yadda duk inda mutum ya danna zai sami muryar da yake nema daidai, ba sai ya yi shekaru yana lalube ba kamar mai ƙaton goge. Monk Montgomery, wanda ya yi aiki a ƙungiyar Lionel Hampton, yana cikin na farko da suka ɗauke ta suka zaga duniya da ita. A 1960 kamfanin ya ƙara fito da Jazz Bass, mai siririn wuya. Har yau yawancin bes da za ka gani a kasuwa, na kirki da na jabu, kwaikwayon ɗaya daga cikin waɗannan biyu ne.

Tsirkiyarta huɗu, tsawon kowacce daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka inci 34. Mafi kaurinsu tana girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya, alhali mafi kauri a jita ta yau da kullum tana yin sau 82. Wannan shi ya sa amonta a ƙirji ake jinsa kafin a kunne, kuma shi ya sa ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da shi. Mutum yana iya shekara yana sauraron waƙa a waya bai san akwai mai bes a ciki ba.

Mutanen Da Suka Ba Ta Daraja

Zan ambaci mutum huɗu kawai, saboda kowannensu akwai abin da ɗan makaranta zai koya daga gare shi.

Na farko shi ne James Jamerson, baƙar fata na birnin Detroit, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayen kamfanin Motown a shekarun 1960. Da yatsa ɗaya yake kiɗa, manuniya, kuma ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke. Shekaru da yawa duniya tana rawa da kiɗansa ba ta san sunansa ba, domin kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗa a bayan faifai, sai a 1971 a faifan Marvin Gaye. Ya rasu a 1983.

Na biyu shi ne Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta Ingila. Shi ma jita yake kaɗawa, sai mai bes ɗinsu ya bar ƙungiya a 1961, sauran kowa ya ƙi karɓa, ya faɗo a kansa. Ba shi da kuɗin Fender, saboda haka ya sayi Höfner a birnin Hamburg na Jamus a kan kimanin fam 30, wadda kuma siffarta ta yi masa daidai da yake bahago ne. An sace wannan bes a 1972, sai a 2024 aka ba da sanarwar an gano ta an mayar masa.

Na uku shi ne Larry Graham, wanda yana saurayi yake yin kiɗa tare da mahaifiyarsa a wani gidan rawa ba su da mai ganga. Domin ya cike giɓin sai ya riƙa dukan tsirkiya da babban yatsa a madadin gangar ƙafa, yana fizgar wata da manuniya a madadin ƙaramar ganga. Daga wannan dabara ta rashi aka sami salon marin tsirkiya da samari ke alfahari da shi a yau.

Na huɗu shi ne Aston Barrett na Jamaika, wanda ake wa laƙabi da Family Man, mai bes na Bob Marley. Bes ɗinsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta da falanki da sandar labule. Ƙanensa Carlton ne mai ganga, kuma tsakanin 'yan uwan nan biyu aka gina kiɗan rege da yayyenmu suka riƙa saurare a kaset. Wanda ya saurare shi da kyau zai ji yadda yake barin wuri babu komai, ya yi shiru inda kake zaton zai kaɗa. Ya rasu a watan Fabrairu na 2024.

Zuwanta Nijeriya Da Makarantu

A shekarun 1950 kiɗan hailaif ne ke tashe a biranen Afirka ta Yamma. E. T. Mensah na Gana ya sha zuwa Nijeriya da ƙungiyarsa ta Tempos, a Ikko kuma ga Bobby Benson da Victor Olaiya. Manyan ƙungiyoyin wancan lokaci da ƙaton goge suka fara, kafin bes ta lantarki ta shigo ta ture shi sannu a hankali a shekarun 1960. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sai ƙungiyoyin samari masu jita suka ɓarke ko'ina. A watan Disamba na 1970 James Brown ya zo Nijeriya, tare da mai bes ɗinsa Bootsy Collins wanda a lokacin shekarunsa 19. Sun je gidan rawar Fela a Ikko sun ga yadda Tony Allen ke sarrafa ganga, kuma Collins ya sha ba da labarin yadda abin ya girgiza shi.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne labarin ƙungiyar Ofege. Waɗannan 'yan makarantar sakandare ne kamar yadda muka kasance, ɗaliban St. Gregory's College da ke Obalende a Ikko. Suna cikin karatu kamfanin EMI ya buga musu faifansu na farko a 1973, ya kuwa karɓu ƙwarai a faɗin ƙasar. Mai bes ɗinsu, Paul Alade, daga baya ya koma Amurka da zama, a can ya rasu a 2020. Nasarar waɗannan yara ta sa 'yan sakandare da yawa suka riƙa matsa wa hukumomin makarantunsu a saya musu kayan kiɗa, ga shi kuma lokacin kuɗin man fetur ne, ga ƙarin albashin Udoji da ya biyo bayan rahoton 1974.

A nan Arewa ma ba a bar mu a baya ba. Bongos Ikwue, mutumin Otukpo, yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kafa ƙungiyar UniBello Brothers, kuma daga baya muryarsa ce ke buɗe wasan talabijin na Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos a farkon shekarun 1980. A Kaduna ga marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa ta Pyramids, wanda ya ɗora waƙoƙin Hausa a kan jita da bes da bushe-bushe, ya rasu a 2003. A 1977 aka yi bikin FESTAC, aka yi hawan daba a Kaduna. Duk wanda ya dubi kayan da ke cikin sitonmu zai ga cewa 'ya'yan wancan zamani ne.

Yadda Kiɗan Ya Yi Shiru

Me ya kashe ƙungiyoyin kiɗa na makarantu? A ganina abu uku ne suka haɗu. Na ɗaya, tsadar kaya. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin hukuma. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira, zuwa 1993 dala ta kai wajen naira 22. Daga tsirkiya har fatar ganga duk daga waje ake kawo su. Makarantar da ke fama da kuɗin alli da abincin ɗalibai ba za ta sayi tsirkiyar bes ba. Idan ɗaya ta tsinke sai a mayar da jita akwati, kamar yadda na tarar da tamu.

Na biyu, zuwan fiyano. A shekarun 1990 fiyanon Yamaha mai ɗauke da amon ganga da na bes da na sarewa duk a cikinsa ya shigo Kano da sauran garuruwa, daidai lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka taso. Zuwa wajen shekarar 2000, lokacin da fim ɗin Sangaya ya yi tashe, mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yana iya yin aikin mutum bakwai. Daga baya kwamfuta ta zo ta ƙara sauƙaƙa abin. Masu kaɗa bes da hannu sai suka rage a coci-coci na Jos da Kaduna da unguwannin Sabon Gari, da badujalar soja da ta 'yan sanda, da wasu otal-otal.

Na uku kuwa tsohon abu ne a wurinmu, watau yadda muke kallon makaɗi. Muna son Shata, muna son Ɗanƙwairo, muna son Ɗanmaraya, amma ba kowane uba ne zai so ɗansa ya bi sawunsu ba. Ranar da mahaifina ya ji labarin abin da nake yi, ya kira ni ya ce, "Kai, na kai ka boko ne ka dawo mini maroƙi?" Na durƙusa na ce, "Baba, ba roƙo muke yi ba, kuma in ka ga sakamakona ya sauka, ni da kaina zan ajiye." Ya yi shiru, can ya ce, "Za mu gani." Wannan alkawari ne ya sa na riƙe littafi fiye da yadda na taɓa yi.

Riƙon Kari

Aikin mai bes shi ne riƙon karin kiɗa, watau ya tsayar da gudun waƙa a taki ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ya nuna wa sauran makaɗa inda waƙar ta dosa. Wannan aiki ba baƙo ba ne a kiɗan Hausa. A ƙungiyar masu kalangu, babban makaɗi yana sa kalangunsa ya yi magana, ya hau ya sauka yadda ya ga dama, amma ɗan kuntuku yana nan a gefe yana maimaita abu ɗaya ba ya gezau. Ba wanda ke yi wa ɗan kuntuku liƙi, amma ya kuskure sau ɗaya kowa sai ya waiwayo.

Na koyi wannan ne da kunya. Ranar ba da kyaututtuka aka ce mu fito gaban iyaye da manyan baƙi. Da na ga cikar zaure sai gabana ya faɗi, hannuna ya riƙa gudu ban sani ba. Mai ganga ya biyo ni, na ƙara wuta, ya ƙara. Kafin mu kai tsakiyar waƙa masu rerawa sun kasa samun wurin numfashi, ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, waƙa ta watse. Aka yi mana tafi na tausayi. Da muka fito Kofa bai yi faɗa ba. Ya ce mini in same shi a ɗakin gwaje-gwaje ranar Litinin.

Da na je sai ya ɗaure ɗan ƙaramin ƙarfe da zare mai tsawon santimita 25, ya rataye, ya tura shi. Ya ce lilo mai wannan tsawo yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka kowane zuwa rabin daƙiƙa ne, watau bugu 120 a minti, kusan takin faretin soja. Ya ce in kaɗa murya ɗaya tak a kowane zuwa, kada in ƙara komai, har mako biyu. A kan wannan ƙa'ida ta lilo aka ƙera na'urar metronom, wadda wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi wa rajista a 1815, kuma Beethoven yana cikin na farko da suka riƙa rubuta lambobinta a kan kiɗansu. Yau tana nan kyauta a wayar kowa.

Ga kaɗan daga abin da shekaru suka koya mini a kan wannan. Tsoro yana sa gudu, haka ma murna. Ɗan koyo yana sauri a inda ya iya, ya yi nawa a inda bai iya ba. Duk lokacin da ƙungiya ta ɗaga sauti sai ta ƙara gudu ba ta sani ba, kuma wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan mai ganga ya yi kwalliya zai dawo kan hanya. Maganin shi ne mai bes ya kafa kunnensa a kan gangar ƙafa, su zama kamar mutum ɗaya. Bugu da ƙari, lokacin da ka tsayar da amo yana da muhimmanci kamar lokacin da ka tayar da shi, domin tsirkiyar da aka bari tana ta ruri ita ke dagula waƙa. Daga ƙarshe, a riƙa ɗaukar gwaji a waya ana saurare. Na sha rantsewa cewa mai ganga ne ke gudu, sai a kunna mini in ji ni ne.

Zaɓen Kaya

A nan ma da asara na koya. Da na fara aiki na tara albashin wasu watanni na sayi amfilifaya ta gwanjo a wata kasuwa. Mai shagon ya gwada mini ita ta yi ƙara mai daɗi, ban lura ba ashe ta cikin wata ƙaramar taransifoma da ke ƙarƙashin tebur ya jona ta. Kayan Amurka ce, mai cin wuta bolt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Ranar walimar auren wani abokin aikinmu na jona ta kai tsaye, ta yi ƙara ɗaya, hayaƙi ya tashi. Shi bai faɗa mini ba, ni kuma ban karanta abin da ke rubuce a bayanta ba. Saboda haka ga shawarwarina ga kwamiti, ko da an ƙi sauran maganata.

Game da ita bes ɗin, mai tsirkiya huɗu ta ishi ɗan koyo. A nemi wadda ba ta amfani da batir a cikinta, domin masu batir suna shanye shi muddin an bar waya a jone, kuma a makaranta ba wanda zai tuna. Ga yara ƙanana akwai mai gajeren wuya, inci 30. Kada sunan da ke rubuce a kai ya ruɗe mu, domin kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da manyan sunaye. Sahihiyar Squier, wadda Fender suka fara fitarwa a 1982 domin masu ƙaramin ƙarfi, ko Yamaha, ko Ibanez, ta fi jabun mai babban suna. Araha ba ta ado. Wanda za a aika ya dubi wuyan daga kai zuwa gindi ya tabbatar bai murɗe ba, ya danna kowane gurbi ya ji babu zizar ƙarfe, ya juya maɓallai ya ji ba sa ƙarar tsatsa.

Game da amfilifaya, kada a jona bes a ta jita, domin lasifikarta ba ta jure kaurin amon, yagewa take yi. Idan za a yi kiɗa tare da ganguna a zaure irin namu, a nemi mai ƙarfin wat 100 ko fiye, da lasifika mai faɗin inci 15. A karanta bayanta a ga irin wutar da take ci, a haɗa mata da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta da na janareto.

Sai kuma yanayinmu. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito su riƙa yankar hannu, wuyan kuma ya canza tsayuwa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a daidaita shi, amma kaɗan-kaɗan ake yi, kuma ba aikin ɗalibi ba ne. Da damina tsatsa ce ke cin tsirkiya, saboda haka a goge ta da ƙyalle bayan kowane gwaji, a mayar da jita akwatinta. Idan tsirkiya ta dushe kuma babu kuɗin sabuwa, ana tafasa ta a ruwa a shanya ta bushe sarai, sai muryarta ta ɗan dawo. Na yi haka ba sau ɗaya ba.

Roƙona Ga Ƙungiya

Ban ce kada a sayi fiyano ba. Yana da amfani wajen koyar da muryoyi, kuma ba shi da wahalar kulawa. Amma fiyano yaro ɗaya yake ɗauka, sauran su tsaya kallo, kuma na'urar ce ke riƙe masa kari, ba zai taɓa sanin yana gudu ko yana nawa ba. Ƙungiya kuwa tana ɗaukar yara shida ko bakwai, dole kowa ya zo a kan lokaci, ya saurari na kusa da shi, ya rage sautinsa domin a ji wani. A cikin mu shida na wancan lokaci akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan birni akwai ɗan ƙauye, kuma har yau duk wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa a cikinmu sauran biyar suna zuwa.

Na san akwai 'yan uwa da ke da ja a kan kiɗa ta fuskar addini, kuma ina girmama ra'ayinsu. Ba ni da ilmin da zan yi fatawa. Abin da nake ba da shawara shi ne a mai da abin na ganin dama, da rubutaccen izinin iyaye, bayan an tashi daga aji, kuma duk wanda sakamakonsa ya sauka a dakatar da shi, kamar yarjejeniyar da na yi da mahaifina. Masu tsoron cewa kiɗa yana hana mutum zama wani abu kuwa, su dubi maƙwabtanmu na Nijar, inda jagoran shahararriyar ƙungiyar Tal National ta Yamai, wanda aka fi sani da Almeida, ya haɗa kaɗa jita da aikin alƙalanci.

Saboda haka ina roƙon Shugaba da 'yan kwamiti da a dakatar da maganar gwanjo. A fito da kayan nan a kai wa mai gyara ya duba. Gangunan fata kawai suke bukata, bes ɗin kuwa na riƙe ta da hannuna, na san katakonta lafiya lau yake, da tsohuwar zuma ake magani. Ina kuma roƙon yayyenmu da iyayenmu na shekarun 1970, waɗanda suka sa tagogin zaure rawa, da su aiko wa Edita hotuna da labarin ƙungiyarsu domin fitowa ta gaba. Ni kuma a nawa ɓangaren na ɗauki alkawarin sayen sababbin tsirkiyoyi huɗu, da zuwa makaranta Asabar ɗaya a kowane wata in zauna da duk yaron da ya zo a ƙarshe aka miƙa masa bes.

Allah Ya jiƙan malamanmu da ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya ƙara haɗa kanmu. Wassalam.